Shin cika da janyewar Kogin Haɗejiya za su iya ba mu wutar lantarki?

Manomin Rani, Auyo:
Assalamu alaikum. Na ji ana bayani a rediyo cewa wasu ƙasashe suna samar da wutar lantarki daga cikar teku da janyewarsa, kuma wai makamashi ne da ba ya ƙarewa. Tunda Kogin Haɗejiya shi ma yakan cika da damina ya janye da rani, me zai hana a yi mana irin wannan, mu huta da sayen fetur na injin ban ruwa?

Malamin Kimiyya, Ringim:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Abubuwan biyu ba ɗaya ba ne. Kogi ruwan sama ne ke cika shi, sau ɗaya a shekara, amma teku wata ne ke jan ruwansa, tare da ɗan taimakon rana, shi ya sa a yawancin gaɓoɓi yake cika sau biyu a yini, tsakanin cika da cika kimanin awa 12 da minti 25. Don samar da wutar, a kan tare bakin wani kogi da ke shiga teku da madatsa, a dasa injuna masu farfela a cikinta, ruwa ya juya su yayin da yake wucewa. Faransa ta buɗe tasharta ta La Rance a 1966 da ƙarfin megawat 240, kuma har yau tana aiki, sannan Koriya ta Kudu ta zarce ta a 2011 da tashar Sihwa mai megawat 254. Abin da ya fi burge ni shi ne ana iya lissafa lokacin cikar teku shekaru kafin zuwansa, abin da ba ya yiwuwa da iska ko hadari.

Ɗaliba daga Ɗambatta:
Malam, to me ya sa ba a gina irin wannan tasha a Legas ba, a turo mana wutar ta layin ƙasa?

Malamin Kimiyya, Ringim:
Saboda tazarar da ke tsakanin cikar ruwa da janyewarsa ce ke ba da wutar, Malama. A La Rance bambancin tsayin ruwa tsakanin cika da janyewa yakan kai mita 8 a matsakaici, a gaɓar Fundy ta Kanada har mita 16, alhali a Legas bai fi kimanin mita ɗaya ba. Ginin yana cin kuɗi sosai, gishiri yana cin ƙarfe, madatsar kuma tana takura wa kifi da masunta, don haka ƙasashe kaɗan ne suka yi.

Dattijo daga Bebeji:
Alhaji, tambayarka tana da tushe, sai dai amsarta tana Tiga, ba bakin teku ba. An kammala dam ɗin Tiga a 1974 domin noman rani, ruwansa yana bin Kogin Kano har ya iso gare ku, kuma an ɗora masa ƙaramar tashar lantarki mai megawat 10. Ƙasar Haɗejiya shimfiɗaɗɗiya ce, ba ta da gangaren da zai juya babban inji. Idan fetur ne damuwarka, ka tambayi farashin famfon sola mai dacewa da zurfin rijiyarka kafin dashen tumatir na bana.