Wace tanka ce kuka taɓa gani ido da ido, kuma da me kuka gane ta?

Daga Kawo:
Salam jama'a. Shekaranjiya ina tsaye bakin titin Zariya tirela ta wuce ɗauke da tankar yaƙi, ta nufi wajen Jaji. Ni na ce T-72 ce, maƙwabcina ya rantse T-55 ce, har muka shiga sallar la'asar ba a rabu ba. Don Allah wanda ya taɓa ganinsu kusa ya faɗa mana yadda yake bambancewa, abin ya tsaya min a rai wallahi.

Daga Panteka:
Malam ka ƙirga taya kawai, fenti ba ya nuna komai. Ni bakanike ne, idona ƙasa yake fara zuwa. T-55 tayoyinta biyar ne kowane gefe cikin kacar nan irin ta katafila, kuma akwai giɓi babba tsakanin ta farko da ta biyu, na taɓa tsayawa dab da wata da aka ajiye a bariki har na gwada giɓin da tafin hannuna. T-72 kuwa shida ne, jere ras ba giɓi.

Daga Unguwar Dosa:
Gaskiyarka yarona amma shida kaɗai ba ta raba gardama, don Vickers Mk 3 ta Ingila ma shida gare ta, kuma ita na yi wa aiki kafin in yi ritaya. Vickers doguwa ce, kanta babba, direba yana gefen dama, mu huɗu ne a ciki, igwarta milimita 105. T-72 a kwance take kamar kunkuru, kanta zagaye kamar an kifa ƙwarya, direba a tsakiya, mutum uku ne kawai saboda inji ke ɗura mata harsashi, igwa 125. In ta tashi kuma duba hagu, ta nan salansarta ke fitar da hayaƙi, can wajen tayar ƙarshe.

Daga Kawo:
Allah ya ƙara girma Baba. To ni taya kam ban ƙirga ba, bakin igwar na fi kallo.

Daga Mando:
Ai shi ma ya isa yaya. Akwai wani kumburi a jikin bututun mai zuƙe hayaƙi, na T-55 yana can ƙarshe dab da baki, na T-72 yana wajen tsakiya. Ni VT-4 ta Chaina na gani, wadda ta iso ƙasar nan a 2020, ita kanta kusurwa-kusurwa ne, ba zagaye ba, daga nesa ma za ka gane.

Daga Kawo:
Kumburin a tsakiya yake, wannan na tabbata don sai da na bi shi da ido har tirelar ta sha kwana, kan kuma zagaye ne. Baba ko Vickers ma nata a tsakiyar yake?

Daga Unguwar Dosa:
A tsakiya yake yarona. Amma tunda ka ce kan kamar ƙwarya, T-72 ka gani.