Wai waye baƙo a Zariya?

Abba Samaru: Jama'a ku taya ni gani. Akwai wani baƙo, dattijo mai jar dara, duk inda na sa ƙafa sai na gan shi. A bas ɗin Samaru kusa da ni ya zauna. Na je dubiya asibitin Shika, ga shi a bakin ƙofa yana ɓare lemo. Jiya a Ƙofar Doka, bakin ganuwar Birnin Zariya, muka sake kiciɓis, har murmushi ya yi mini. Wannan ya wuce arashi, bibiyata ake yi.

Ɗan Kwarbai: Dakata, ƙanena. Kai da ke Samaru ne za ka tsaya a Ƙofar Doka ka kira dattijo baƙo? Wa ya fi wani baƙunta?

Abba Samaru: Yaya, nufina ban san shi ba.

Ɗan Kwarbai: To haka za ka ce. Samaru ma a ƙaramar hukumar Sabon Gari take.

Maman Ilham: Ga 'yan Birni nan, an fara. Kakana jirgin ƙasa ya kawo shi Sabon Gari tun zamanin Turawa, nan aka binne cibiyata. Ni ma baƙuwar ce?

Ɗan Kwarbai: Hajiya, ganuwa ba ni na gina ta ba.

Malam Sule Kongo: Hanya ɗaya ce fa daga Samaru ta Kwangila zuwa PZ, Tudun Wada har Ƙofar Doka. Mai jinya a Shika kullum a kanta yake. Kuma da ka riƙe fuska, ita idonka zai riƙa tsinta.

Maman Ilham: Ganuwar da kuka kwashe ƙasarta kuka yi tubali?

Ɗan Jami'a: Ba don Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da aka kafa a 1962 ba, wa zai yi zancen Zariya a Legas?

Ɗan Kwarbai: Yaro, je ka tambayi labarin Sarauniya Amina.

Abba Samaru: Maganar dattijon fa?

Ɗan Jami'a: Biya shi bashinsa ka huta.

Admin (Limancin Kona): An rufe. Abin da muka fahimta: masu hujja sun nuna cewa duk wanda ke bayan ganuwa ya iya bakinsa da kalmar baƙo. 'Yan Sabon Gari sun yi hayaniya. Hajiya, zancen tubali ƙazafi ne, na goge sauran.