Neman shawara: ƙyalli yana manne wa siffar 3D da nake ginawa daga hotuna

Tambaya:

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina gina siffofin 3D daga hotuna da manhajar COLMAP, sannan in kai su manhajar Blender domin a haska su da sabon haske. Abubuwan da ba su da sheƙi suna fitowa lafiya, amma yanzu ina aiki a kan wani kwanon tangaran mai sulɓi wanda aka yi wa baki da tagulla, kuma abu biyu sun hana ni sakat. Wuraren da suke ƙyalli suna fitowa da ramuka, sannan farin ɗigon hasken fitila ya manne a jikin siffar kamar fenti, ta yadda ko na sauya wurin fitila a Blender, yana nan inda yake. Ta yaya zan gano ainihin launin kwanon da yanayin sheƙinsa, ban da hasken da aka ɗauki hoton a cikinsa?

Amsa ta farko:

Wa alaikumus salam. Malam, matsalolin naka biyu tushensu ɗaya ne. Manhajojin irin wannan suna ɗauka cewa kowane ɗigo a jikin abu launinsa ɗaya ne ta kowace kusurwa aka kalle shi, wato irin fuskar da masanin haske Lambert ya bayyana tun 1760. Ƙyalli kuwa yana tafiya ne tare da kyamara, saboda haka manhajar tana bin abin da ba ya tsaye a jikin kwanon, shi ya sa take haƙa rami a wurin. Abin da kake nema shi ne abin da masana suke kira BRDF, wato lissafin yawan hasken da fuska take mayarwa ta wata kusurwa idan ya sauko mata ta wata. Wahalarsa ita ce hoto yana ɗauke da haske da halin fuskar a cakuɗe: baƙin abu a haske mai ƙarfi yana iya fitowa a hoto daidai da farin abu a haske mai rauni. Dole ne ka mallaki hasken ko ka auna shi.

Shawarata ita ce ka sa matatar folaraiza, wato matatar da ke barin haske mai tsari ɗaya kawai ya wuce, a gaban fitila, ka sa wata a kan ruwan tabarau na kyamara, ka juya ta har ta saɓa wa ta farko da digiri 90. Hasken da ya tsallake daga saman sulɓin yana riƙe da tsarinsa, matatar za ta tare shi, wanda ya shiga cikin tangaran ya bazu kuwa zai wuce. Za ka ga farin ɗigon yana dusashewa a idonka yayin da kake juya matatar. Waɗannan hotuna su za su ba ka siffa mai kyau da ainihin launi. Ka kashe duk wata fitila da ba ta da matata, ka ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, ka kuma ajiye katin toka mai mayar da kashi 18 cikin ɗari na haske a gefe domin daidaita launi.

Amsa ta biyu:

Na yarda da bayanin da ya gabata a kan tangaran, amma ina jan hankalinka game da tagullar. Ƙarfe tsantsa kusan ba shi da haske mai bazuwa, launinsa yana cikin ƙyallin ne, don haka matatun da suka saɓa za su mayar da bakin kwanon kusan baƙi. Ka ware shi daban. A tsarin bayyana halin fuska da Disney ta gabatar a 2012, wanda Blender take da irinsa, za ka nuna cewa wurin ƙarfe ne, ka ɗauko launinsa daga hoton da ba a tare ƙyallinsa ba, sannan ka kimanta kaushinsa daga faɗin ƙyallin: ƙarami mai kaifin gefe yana nuna sulɓi, mai faɗi da ya bazu yana nuna kaushi. Shi kuwa sulɓin tangaran, kamar gilashi, yana mayar da kusan kashi 4 cikin ɗari idan an kalle shi kai tsaye, kuma adadin yana hauhawa sosai a gefe-gefe.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai. Shin NeRF ko Gaussian Splatting ba za su sauƙaƙa mini wannan aiki ba?

Amsa ta uku:

Idan burinka kallon kwanon ne a hasken da aka ɗauke shi, za su burge ka, domin NeRF ta 2020 da Gaussian Splatting ta 2023, hanyoyin sake gina abu a 3D daga hotuna, duka suna barin launi ya sauya gwargwadon kusurwar kallo. Amma a asalin tsarinsu ba sa raba haske da halin fuska, kai kuwa sabon haske kake so. Ka bi hanyar matatu, sannan ka ɗauki hoton ƙwallon madubi a wurin da kwanon yake, da matakan haske daban-daban, kamar yadda masani Debevec ya nuna a 1998. Da shi za ka sake gina hasken ɗakin a Blender, ka jera sakamakonka kusa da hoton gaskiya, ka riƙa gyara kaushin har faɗin ƙyallin biyun ya zo daidai.