Kano zuwa Legas a bas: shawarwarin waɗanda suka san hanya

Direbobi da 'yan kasuwar da suka saba bin hanyar Mokwa, Jebba da Ilori sun fi nanata maganar taya. Kafin ka biya kuɗin mota, zagaya ka duba gefen kowace taya. Lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ya fara da haruffan DOT su ke nuna mako da shekarar ƙira: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tsohuwar taya, ko zanenta bai cinye ba, tana tsagewa, kuma zafin kwalta da lodi ke fasa ta. Motar da aka danne bayanta da buhuna har ta durƙusa, ƙyale ta.

Sun ce a tambaya ko direba biyu ne, domin tafiyar ta kai kusan kilomita 1,000, kuma gyangyaɗi ya fi kama direba gab da asuba.

Rubuta lambar ɗan'uwanka ta gaskiya a takardar fasinjoji. Ita ake nema in an yi haɗari. Raba kuɗinka gida biyu. Kada ka karɓi abin sha a hannun baƙo.

Kan tafiyar dare aka sha bamban. Masu kayan gwari sun fi sonta saboda sanyi, amma mafi yawa sun ce motar asuba ta fi, musamman ga mai iyali.