Notis da kuɗin madadinsa: yadda ake lissafi da inda rigima ke tashi

Mai tambaya, Birnin Kebbi: Salamu alaikum. A gidajen mai, makarantun kuɗi da injinan casar shinkafa, sai kawai a ce wa ma'aikaci "daga gobe ka huta". Masana, kwana nawa ya kamata a ba shi?

Akawu, Argungu: Wa alaikumus salam. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya yanke magana. Wanda bai wuce wata 3 a aiki ba, kwana ɗaya. Ya haura wata 3 amma bai kai shekara 2 ba, mako ɗaya. Daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, mako biyu. Shekara 5 zuwa sama, wata guda. Ba a ƙirga ranar da aka ba da notis ɗin, kuma in ya kai mako ɗaya sai a rubuce. Mai ajiye aiki ma hukuncin na kansa.

Jami'ar kula da ma'aikata, Jega: Malam, a ƙara da cewa wannan mafi ƙaranci ne. In takardar ɗaukar aiki ta ce wata uku, to wata ukun za a bi. Inda ake yawan faɗa shi ne lissafin kuɗin madadi, wato kuɗin da ake biya a maimakon notis. Doka ta cire alawus da kuɗin obataim. Ɗauki direba mai shekara 3 a aiki, ainihin albashinsa naira 80,000 a wata, alawus 20,000. Kuɗin mako biyu yake bi, wato kusan 40,000, ba 50,000 ba, sai fa in takardarsa ta ce da alawus. Albashin kwanakin da ya riga ya yi daban ne, kada a cuɗa su. Wasu iyayen gida da gangan suke haɗewa, su kira shi "kuɗin sallama" don kada a gane.

Lauya, Birnin Kebbi: Hajiya ta taɓo wajen. Lokacin biya ma abin lura ne: a shari'ar Chukwumah da Shell ta 1993, Kotun Ƙoli ta ce a biya kuɗin madadi a lokacin sallamar. Rubuta "za a biya ka" a wasiƙa bai wadatar ba. Sannan sashen bai shafi manajoji da ƙwararru ba, su takardarsu ce madogara. Wanda aka kora kan babban laifi, kamar sata, ba notis ba kuɗi, amma a ji ta bakinsa tukuna, in ba haka ba Kotun Ma'aikata na iya juya lamarin.

Mai tambaya: Barista, wanda ba shi da takarda ko ɗaya fa?

Lauya: Sashe na 7 ya wajabta a ba shi cikin wata 3 da fara aiki, rashinta laifin uban gida ne. Ya tattara alat na banki, katin shaida, rajistar shiga da fita, ya kai ofishin ƙwadago na tarayya kafin maganar kotu. Kada ya sa hannu kan "na karɓi duk haƙƙina" sai ya ga lissafin filla-filla.