Gobarar daji a arewacin Kanada: shawarwarin da aka fi nanatawa

Da aka tattauna kan gobarar da ke cin dazuzzukan arewacin Kanada duk bazara, bakin mutane ya zo ɗaya a kan wutar da masu kwana a daji ke hurawa. Ba a barin ta haka nan don an ga hayaƙi ya tsaya. A kwara mata ruwa, a motsa tokar da sanda, a sake kwarawa, sannan a kai bayan hannu kusa. In akwai ɗumi, da sauran aiki. Ƙasar dajin cike take da ruɓaɓɓen ganye da gansakuka, wuta na iya ci a ƙarƙashi makonni, wani lokaci har ta ƙetare hunturu.

Tsawa ce ke haddasa gobarar da ta fi cin fili, wannan ba yadda za a yi da ita. Sauran kuwa na hannun mutum ne: guntun sigari, da busasshiyar ciyawa da ke maƙale wa salansar babur mai ƙafa huɗu.

Masu gidaje a bakin daji an ce su share ganyen da ya taru a indararo, su kawar da itacen wuta aƙalla mita 10 daga bango, domin tartsatsin da iska ke ɗaukowa ne ya fi kama gida.

A ganina shawarar da ta fi nauyi ita ce ta ficewa da zarar hukuma ta ba da umarni. A Mayun 2016 mutum sama da 80,000 suka bar garin Fort McMurray da ke lardin Alberta saboda gobarar daji, hanya ta cushe, wuta na ci gefen titi. Don haka mota ta riƙa kwana da mai, takardu da magunguna kuma su kasance cikin jaka.