Sai ka zama manaja kafin a ce ka ci gaba?

Nura: Jama'a, ina neman shawara. An yi min tayin shugabantar rukuninmu na mutum 7. Yayana ya ce kar in tsaya dogon tunani, wai duk wanda ya kai shekara 40 yana rubuta manhaja da hannunsa, ya maƙale ke nan. Haka ne?

Malam Habu: Yayanka bai faɗi ƙarya ba, Nura. Kayan aikinmu saurin tsufa gare su. Ina waɗanda suka ƙare ƙuruciyarsu a kan Flash, manhajar da a da ake yin bidiyo da wasanni da ita a intanet? Adobe, kamfanin da ya mallake shi, ta rufe shi a ƙarshen 2020, suka koma 'yan koyo da furfurarsu. Abin da ka ɗauki shekaru kana gogewa a kai, yaro zai zo ya iya sabonsa cikin wata 6, kuma a rabin albashinka. Iya tafiyar da mutane kuwa ba ya tsufa.

Zainab: Ba ya tsufa, Malam, amma ana sallamarsa. Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, ta kori mutum 11,000 a Nuwamban 2022, ta sanar da ƙarin 10,000 a Maris na 2023, kuma shugabanta, Zuckerberg, da bakinsa ya ce matakan shugabanci ne suka yi yawa. Manajoji da dama aka ce su koma yin aikin da hannunsu. Wanda ya shekara 5 bai taɓa rubutun manhaja ba, da me zai koma?

Malam Habu: An sha gwada wannan. Google ta cire manajojin injiniyoyinta a 2002, 'yan watanni kaɗan aka dawo da su, don kowa ya riƙa kai wa Larry Page, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin, ƙorafin kuɗin tafiya da rigimar abokan aiki.

Zainab: Wannan ya nuna kamfani na buƙatar manaja. Bai nuna Nura zai ji daɗin zama shi ba.

Anti Bilki: Ƙanena, ni na karɓa, na yi shekara 2, na ajiye. Rana ɗaya taro 6, daga wannan sai wancan. Da yamma in rufe kwamfuta in tambayi kaina me na yi yau, in rasa abin nunawa. A da kuwa, in kwana uku ina bin wani kuskure a manhaja, ranar da na kamo shi har ni kaɗai nake dariya. Abin da ya ƙarasa ni shi ne ranar da aka turo min jerin waɗanda za a sallama, har da yaron da ni na ɗauke shi aiki. Ba a nemi ra'ayina ba, amma ni aka ce in kira shi in faɗa masa. Kuɗin ya ƙaru, ba na musu. Barci ne ya ragu.

Idi: Akwai ma wani malami, Laurence Peter, da ya faɗa tun 1969 cewa ana ta ɗaga mutum har sai an kai shi kujerar da bai iya ba. An yi asarar gwanin injiniya, an samu manaja mai lalube. Ga Linus Torvalds nan, tun 1991 yake kan Linux, babbar manhajar tafiyar da kwamfuta da ya ƙirƙiro, wa ya ce ya maƙale?

Malam Habu: Madalla da ka kawo shi! Shi da kansa ya ce yanzu ba ya wani rubuta manhaja, karanta saƙonni yake yi yana tace aikin wasu. In ba shugabanci ba ne wannan, mene ne?

Idi: Shugabancin fasaha ne, Malam. Ba ya sa hannu a takardar hutun kowa, ba ya auna kowa don ƙarin albashi. Manyan kamfanoni suna da tsani biyu, na manajoji da na injiniyoyi, babban injiniya na iya kai matsayin darakta ba tare da kowa a ƙarƙashinsa ba.

Malam Habu: Manyan kamfanoni ka ce. Nura, naku yana da wannan tsanin?

Nura: A takarda akwai. Ban dai taɓa ganin wanda ya hau ba.

Anti Bilki: To kar ka amsa gobe. Ka ce a ba ka riƙon ƙwarya na wata 6, a rubuta cewa in ka ga ba za ka iya ba, za ka koma kujerarka da albashinka na da. Ka lura da fuskar ogan lokacin da ka ce a rubuta.